Manhajojin raba murya da kiɗa: ainihin muryar suke cirowa ko kamanninta?

Kunne_Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, gara in kawo ta nan inda masu sana'ar suke. Kullum sai ka ga an saka bidiyo ana cewa ga manhajar da za ta cire maka murya daga kowace waƙa tas, ba ko ɗigon kiɗa. Ni kuwa duk wadda na gwada, in na sa hedifon na saurari muryar ita kaɗai, sai na ji gurɓata. Ƙarshen kalmomi yana fitowa kamar ana magana a cikin ruwa, harafin "s" yana yanke-yanke, wani lokaci har inuwar ganga tana biyo muryar a baya. Maganata ita ce, babu manhajar da take dawo da ainihin muryar da mawaƙi ya rera a sutudiyo. Kamanni kawai take bayarwa. In akwai wanda ya samu wadda ta wuce haka, ya faɗa mana sunanta, ya kuma faɗa mana a kan wace irin waƙa ya gwada.

DJ_Tsakar_Dare:
Wa alaikumus salam. Malam Kunne, ka tsananta da yawa. Ni da wannan abin nake aiki kullum. Tun da VirtualDJ, manhajar da mu DJ muke haɗa waƙoƙi da ita, ta kawo raba sauti nan take a 2020, takwararta Serato ma ta biyo baya a ƙarshen 2022, aikina ya canza gaba ɗaya. Waƙa tana cikin tafiya zan danna maɓalli ɗaya in ɗauke kiɗanta, in ɗora muryar a kan gangar wata waƙar. A da sai na yi ta farautar fayil ɗin murya zalla, yawancin waƙoƙi kuwa ba a taɓa sakin nasu ba. Yanzu kowace waƙa a buɗe take gare ni, kuma masu sauraro suna jin daɗin abin.

Kunne_Biyu:
To ai ka faɗa da bakinka, Oga DJ. Ka ɗora ta a kan wani kiɗan, shi ne ya rufe mata asiri. Kashe komai ka saurare ta ita kaɗai, sannan ka dawo mu yi magana.

Injiniyan_Sauti:
Bari in faɗi abin da ke faruwa a cikin manhajar, sai kowa ya auna maganarsa a kai.

A sutudiyo kowane abu da layinsa: murya daban, ganga daban, bes (jita mai kaurin sauti) daban, jita daban. Ranar haɗawa sai a tattara su duka su koma layi biyu, hagu da dama. Daga wannan lokacin fayil ɗin bai san waye mawaƙi waye makaɗi ba. Lambobi ne kawai, guda 44,100 a kowace daƙiƙa a kowane ɓangare in ingancin faifan CD ne, kuma kowace lamba jimillar duk abin da ya yi ƙara ce a daidai wannan lokacin. Yanzu in na ce maka na tara lambobi biyu sun ba ni 10, faɗa mini su. 7 da 3 ne, ko 6 da 4? Ba ka da hanyar tabbatarwa, sai dai ka kintata bisa abin da ka saba gani.

Kintacen nan shi ne aikin manhajar. An horar da ita da waƙoƙin da ake da layukansu a rarrabe, an yi ta nuna mata haɗaɗɗe tare da amsarsa, har ta gane siffar muryar ɗan Adam da siffar bugun ganga. Yawancinsu suna fara mai da sautin wani irin hoto, lokaci a kwance, kaifin sauti a tsaye. Sai ta bi hoton gurbi-gurbi tana yanke hukunci: wannan gurbin kaso nawa na murya ne, kaso nawa na jita. Inda murya take ita kaɗai a gurbinta, hukuncin ba wuya. Amma inda "s" ɗin mawaƙi ya faɗo daidai da bugun haihat, wato ƙananan farantan ƙarfen nan na mai ganga, dukansu biyu "tsss" ne mai kaifi, wuri ɗaya, lokaci ɗaya. A nan take ruɗewa, ta ba ganga wani yanki na harafin, ta bar wa murya sauran. Yanke-yanken da Malam Kunne yake ji ke nan, ba kunnensa ne ke yaudararsa ba.

Sabon_Shiga:
Don Allah manya ku yi haƙuri da ni, ban kai nan ba tukuna. Wacce zan fara da ita? Na ji ana ta ambaton Spleeter, ta kamfanin Spotify ce ko? Kuma waya ta isa ko dole sai kwamfuta?

Mai_Lissafi:
Ba ta Spotify ba ce ƙanena, ta Deezer ce, kamfanin sauraron waƙoƙi na Faransa. A ƙarshen 2019 suka sake ta kyauta ga kowa, ita ce ta buɗe wa mutane ido a kan wannan harkar. Tana raba waƙa gida 2, ko 4, ko 5. Sauri kam ba a magana, sun ce in da katin girafik, wato sashen kwamfuta mai sarrafa hoto, tana ninka saurin tafiyar waƙar sau 100. Amma ta tsufa. In ka bar ta yadda ta zo, duk sautin da kaifinsa ya haura kilohaz 11 yar da shi take yi, shi ya sa abin da ta fitar yake jin a dushe.

Fara da Ultimate Vocal Remover, wadda ake ce wa UVR. Ita ba samfuri ɗaya ba ce, wato tsarin da aka horar don raba sauti, gida ce da aka tara samfura da yawa a ciki, kana zaɓar wanda kake so, kuma a kan kwamfutarka take aiki ko babu intanet. A waya akwai irin su Moises, su ma suna yin aiki, sai dai za ka loda waƙar zuwa can wurinsu ne su sarrafa su dawo maka da ita.

Dattijon_Kaset:
Yaran yanzu kun samu sauƙi, har kuna ƙorafin "s". Bari in ba ku labarin yadda muke yi kafin zuwan waɗannan. Mun san cewa masu haɗa sauti a tsakiya suke ajiye babbar murya, wato ƙarfinta ɗaya a hagu da dama. Sai mu kife igiyar sautin ɓangare ɗaya, sama ta koma ƙasa, mu tara ta da ɗayan. Duk abin da yake iri ɗaya a ɓangarorin biyu sai ya soke kansa. Murya ta tafi. Amma bes ma a tsakiya yake, babbar ganga ma a tsakiya take, duk sai su bi ta. Abin da zai rage maka siririn kiɗa ne marar gindi, ga amsa-kuwwar muryar nan tana yawo a ciki domin ita an baza ta gefe da gefe. In kuwa waƙar mono ce tun asali, wato hagu da dama duk abu ɗaya ne, kana kifewa kana tarawa shiru za ka samu, komai ya tafi. Da wannan dabarar na'urorin karaoke na da suke rage murya, kuma har gobe ana iya yin ta a Audacity, manhajar gyaran sauti, ga mai son ya ji da kunnensa.

Saboda haka ranar da na fara saka tsohuwar waƙar mono a ɗaya daga cikin sababbin nan, na ji murya ta fito gefe kiɗa ya fito gefe, sai da na maimaita sauraro don in tabbatar. A iliminmu na da, wannan ba mai yiwuwa ba ne sam.

Kunne_Biyu:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ban musa an ci gaba ba, nesa ba kusa ba ma. Tambayata dai tana nan: abin da ya fito ɗin, shi ne aka rera?

Ummu_Amshi:
Ni matsalata daban ce da ta kowa a nan. Ina koyar da waƙar taro, abin da nake nema shi ne in raba mai bayarwa da 'yan amshi don ɗalibai su ji kowane kashi da kyau. Yawancin manhajojin nan duk abin da ya fito daga maƙogwaro wuri ɗaya suke zuba shi, su kira shi murya. Sannan in akwai goge ko algaita ko sarewa a waƙar, to na shiga uku. Goge musamman, da ya ja dogon sauti yana lanƙwasa shi, sai in same shi zaune daram a layin murya. Mawaƙiya ta yi shiru, goge ya karɓa, manhajar ba ta ma san an canza hannu ba.

Mai_Lissafi:
Hajiya, dalilin wannan a bayyane yake, daga abin da aka koyar da su ne. Tarin waƙoƙin da masu bincike suka fi dogaro da shi sunansa MUSDB18. Waƙoƙi 150 ne kacal, 100 na horarwa, 50 na gwaji, duka-duka wajen awa 10, kuma akasarinsu kiɗan zamani ne irin na Turai da Amurka. An kasa kowace waƙa gida 4: murya, ganga, bes, da "saura". Wannan "saura" ɗin shi ne komai da komai, jita, fiyano, kayan busa, kayan tsirkiya. Shi ya sa har yau kusan kowace manhaja waɗannan gidaje huɗun take ba ki. Manyan kamfanoni suna ƙarawa da nasu tarin da ba su nuna wa kowa, amma tsarin bai canza sosai ba.

To kayan kiɗan da samfurin bai saba ji ba, sai ya kai shi gidan da ya fi kama da shi. Goge yana jan sauti yana karkarwa irin na maƙogwaro, sai a kai shi murya. Gangar da ake matsawa sautinta ya hau ya sauka, irin kalangu ko tabla ta Indiya, sau da yawa rabewa take yi: bugun ya tafi layin ganga, amon ya zube a bes ko a saura.

Injiniyan_Sauti:
@Ummu_Amshi a UVR akwai samfuran da ake kira na karaoke, aikinsu ke nan, ware babbar murya daga amshi. Ki yi shi hawa-hawa. Fara raba muryoyi duka daga kiɗa, sannan ki ɗauki layin muryoyin ki sake saka shi a na karaoken. Yana yin kyau in 'yan amshin an baza su hagu da dama ko suna rera wani kashi daban. In kuwa kowa sauti ɗaya yake rerawa a lokaci ɗaya, a makirufo ɗaya, kada ki sa rai sosai.

Ummu_Amshi:
Na gode Malam, zan bi wannan tsarin. Yawancin nawa dai irin na ƙarshen nan ne.

Mai_Jita_Hagu:
Ina so in ƙalubalanci Malam Kunne da hujja. A Nuwamban 2023 ƙungiyar Beatles ta Ingila ta saki waƙarta ta ƙarshe da muryar John Lennon, wanda ya rasu tun 1980. Muryar daga wani kaset aka ciro ta, wanda ya ɗauka a gidansa a ƙarshen shekarun 1970, yana rerawa yana kaɗa fiyano. Sauran 'yan ƙungiyar sun gwada aiki a kanta a 1995 suka ajiye, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne fiyanon yana danne muryar, ba yadda za a ɗaga ɗaya a bar ɗaya. Sai da mutanen Peter Jackson, mai shirya finafinai ɗan Niyu Zilan, suka ƙera nasu tsarin raba sauti, sannan aka iya ware ta. Paul McCartney ya fito ya bayyana cewa ba a ƙirƙiri muryar kowa ba, tsaftace abin da ke kaset ɗin aka yi. Waƙar har ta ci kyautar Grammy a 2025. In kamanni ne kawai, ta yaya mutanen da suka yi shekaru suna waƙa da shi za su ce muryarsa ce?

Kunne_Biyu:
Muryarsa ce mana, ban ce ta wani ba ce. Amma duba abu biyu. Na farko, murya da fiyano ne kawai a kaset ɗin, ba waƙar da aka cika da kaya goma ba. Na biyu, bayan an ciro ta an ɗora mata sabuwar ganga, da bes, da jita, da kayan tsirkiya. Abin da na faɗa wa Oga DJ ne dai ya sake dawowa. Kuma ba wanda yake da muryar ita kaɗai ta asali da za a gwada da ita, domin ba a taɓa ɗaukarta ita kaɗai ba.

Mai_Lissafi:
Ina ganin kalmar kamanni ce take kawo saɓanin, domin tana sa mutum ya zaci manhajar tana ƙirƙiro sabuwar murya ne. A tsarin da Injiniya ya bayyana, duk abin da ya fito a layin murya daga cikin fayil ɗinka aka yanko shi. Ainihin muryar ce, sai dai an rage wani abu nata, an kuma bar wani abu da ba nata ba. Akwai ma ma'aunin da masu bincike suke auna tazarar da shi, ana kiransa SDR, da desibel ake lissafa shi, yana nuna yadda abin da aka ciro ya kusanci layin asali. Adadin yana ta hawa shekara bayan shekara. Samfurin Demucs, wanda masu binciken Facebook a Faris suka fara fitarwa a 2019, da igiyar sautin kai tsaye ya fara aiki. A 2021 suka haɗa hanyoyin biyu, igiya da hoto, suka yi nasara a gasar raba sauti da Sony ta ɗauki nauyi. A gasar 2023 kuma masu binciken ByteDance, kamfanin da ya mallaki TikTok, suka zo na ɗaya da wani tsari mai suna BS-RoFormer. Amma har yanzu babu wanda tazararsa ta zama sifili, kuma bisa misalin 7 da 3 ɗin nan, ban ga yadda za ta zama ba.

Furodusa_Shiru:
Na daɗe ina karantawa ban tanka ba. Ni na yi gwajin da Malam Kunne yake cewa babu. Waƙar da na ɗauka da hannuna ce, layukanta duk suna wurina. Na fitar da haɗaɗɗiyar, na saka ta a samfuri mai kyau, na ɗauko muryar da ya ba ni na jera ta ƙarƙashin ta asali, ina kunna wannan ina kashe wancan.

A tsakiyar baiti, inda mawaƙiyar ta buɗe murya, wallahi da ƙyar nake bambance su. Bambancin a gefe-gefe yake. Akwai wurin da ta ja numfashi kafin ta shiga amshi, a ta asali kana jin iskar tana shiga har da ɗan motsin leɓe. A wadda aka ciro rabin numfashin ne ya rage, na je na tarar da sauran a layin ganga. Akwai kalmar da ta ƙare da ita a hankali, amsa-kuwwar da na sa mata tana bajewa sannu a hankali har ta ɓace. A wadda aka ciro wutsiyar ta gutsure tun ba ta kai ba, ragowar tana can tana shawagi a cikin kiɗa.

Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa wannan ne: muryar da aka ciro tana ɗan dusashewa tana dawowa daidai da kowane bugun babbar ganga, alhali gangar ba ta cikin layin. Da na zauna na yi tunani sai na ga ba laifin manhajar ba ne. Matse sautin da na yi a matakin ƙarshe, don waƙar ta yi ƙarfi, shi ne yake danne komai duk lokacin da ganga ta buga. Wannan dannewar ta riga ta zauna a jikin muryar. Ko da manhajar ta raba ba kuskure ko ɗaya, muryar da ta sha matsa za ta ba ka, ba wadda ta shiga makirufo ba.

Injiniyan_Sauti:
Wannan batu na ƙarshen da Furodusa ya kawo, kowa ya riƙe shi. Haka abin yake ga duk sautin da ya fashe tun wurin ɗauka. In kaset ya sha ƙarfi fiye da kima har sauti ya tsage, murya da kiɗa sun haifar da wata ƙara ta uku wadda ba ta wannan ba ce ba ta wancan ba. Ba gidan da za a kai ta.

Ɗalibar_Bes:
Ni dai ku bar ni da su haka nan, sun yi mini rana. Bes nake koyo, kuma duk mai koyon bes ya san wahalar jin sa a cikin waƙa, yana can ƙasa babbar ganga ta zauna a kansa. Yanzu ina ware shi, in rage gudu, in ji inda makaɗin ya zame da yatsa da inda ya kashe tsirkiya. Bayan na haddace sai in cire bes ɗin in shiga gurbinsa in kaɗa tare da sauran. Ko akwai gurɓata ban damu ba, sautin nake nema in gane.

Mai_Jita_Hagu:
Ke kin dace 'yar uwa, bes yana da gidansa. Mu masu jita a "saura" aka jefa mu. Demucs yana da samfuri mai gida 6 da ya ƙara jita da fiyano, na jitar ba laifi, amma na fiyanon su kansu masu shi sun rubuta cewa bai yi kyau ba tukuna. In kuma jita biyu ne a waƙar, mai rakiya da mai jagora, tare za su fito maka.

Sabon_Shiga:
Na saka UVR ɗin. Na sauko da waƙa daga YouTube na mai da ita WAV, irin fayil ɗin sautin da ba a matse ba, kamar yadda na ga ana cewa ya fi, amma muryar ta fito da wani ƙyalƙyali kamar ƙarfe. Kuma kwamfutar ta daɗe ƙwarai kafin ta gama.

Furodusa_Shiru:
Ƙanena, mai da shi WAV ba ya dawo da abin da aka riga aka zubar. Sautin YouTube matsattse ne, haka MP3. Don fayil ya ƙanƙance, ana yar da sassan da ake ganin kunne ba zai lura ba saboda wani sauti mai ƙarfi ya rufe su. To kai kuma ka zo ka ɗauke mai ƙarfin da ya yi rufin, dole ramukan su bayyana. MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa ma yawanci an datse duk abin da ya haura wajen kilohaz 16. Nemi WAV ko FLAC na gaskiya, daga faifan CD ko daga inda ake sayar da shi haka. Batun jinkiri kuma, in kwamfutarka ba ta da katin girafik irin na NVIDIA, haƙuri za ka yi, tana yi amma a hankali.

Mai_Kare_Haƙƙi:
Ina ta jira wani ya taɓo wannan ban ji ba. Duk waƙar da aka saki tana ɗauke da haƙƙi iri biyu: na wanda ya tsara baiti da kari, da na wanda ya mallaki sautin da aka ɗauka. Cire murya ba ya goge ko ɗaya. Kiɗan da ya rage har yanzu na masu shi ne, muryar ma haka. Koyo a ɗaki irin na Ɗalibar_Bes abu ne daban, amma ka ciro kiɗan wani ka hau kai ka saki a matsayin naka, wannan ɗaukar kayan mutane ne. Tsarin Content ID na YouTube, mai gano waƙoƙin da ke da haƙƙin mallaka, ma yakan gane kiɗan ko babu muryar. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma neman izini shi ne hanyar da ba ta da rigima a ko'ina.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu ciro muryar mawaƙi zalla su horar da manhajar kwaikwayon murya da ita, su sa shi ya rera abin da bai taɓa rerawa ba. Mutum ya yi shekaru yana gina muryarsa, a wayi gari ana yawo da ita ba saninsa.

DJ_Tsakar_Dare:
Gaskiya ne ranka ya daɗe. Ni a wurin taro nake haɗawa, ba na sakin su a matsayin nawa. Amma kada a manta su ma masu waƙoƙin suna amfana. Kamfanoni da yawa layukan tsofaffin waƙoƙinsu sun ɓace ko sun lalace, da irin wannan fasahar suke samo kiɗa zalla in masu fim ko talla sun nema.

Furodusa_Shiru:
Tun da an zo nan, in ƙara da amana. Wanda yake riƙe da waƙar wani da ba a saki ba, ya yi tunani kafin ya loda ta a shafin intanet don a raba masa. Ya karanta sharuɗɗansu tukuna, ko ya yi a kan kwamfutarsa. Yanzu ma raba sautin ya shigo cikin manhajojin aikin sutudiyo kansu: iZotope RX tana da shi tun 2018, FL Studio ta saka a 2023, Logic Pro ta kawo nata a 2024.

Kunne_Biyu:
Mun yi nisa, bari in dawo da mu. Gwajin Furodusa shi ne abin da nake nema tun farko, kuma a ganina ya tsaya mini: numfashi ya rabe, wutsiya ta gutsure, murya tana numfarfashi da gangar da ba ta nan. Na karɓi gyaran Mai_Lissafi cewa daga cikin fayil ɗin aka yanko ta. Amma masu tallar da suke cewa "tas" su daina, domin wanda bai sani ba zai ɗauka ya samu layin sutudiyo, ya je ya yi wa wani alƙawarin aikin da ba zai iya cikawa ba.

Mai_Jita_Hagu:
Ni kuma a gwajin nan nasa abin da na ji shi ne "da ƙyar nake bambance su", daga bakin wanda ya ɗauki muryar da kansa. A 2018 wa zai faɗi haka? Kai gefe-gefen kake kallo, ni tsakiyar.

Dattijon_Kaset:
Ku biyun ba za ku daidaita ba, domin ba abu ɗaya kuke nema ba. Ni abin da ya dame ni yanzu tsofaffin kaset ne da ke hannun mutane suna lalacewa. Shawarata, kowa ya fara kwafe nasa zuwa kwamfuta da inganci mai kyau, ya adana wannan kwafin yadda yake, kada ya taɓa shi. Raba sauti a yi shi a kan kwafi na biyu. Manhajar bana ta fi ta bara, wadda za ta zo kuma sai ta buƙaci asalin, ba wanda aka riga aka yanka ba.

Ummu_Amshi:
Na dawo da rahoto. Na bi hawa-hawan da Injiniya ya ce. A waƙar da 'yan amshi suke gefe, mai bayarwa ta fito sarai, har ɗalibai za su iya bi. A ta makirufo ɗaya kuwa, duk inda amshi ya hau kan ƙarshen baitinta sai muryarta ta nutse ta sake ɓullowa. Gogen kuma yana nan a layin murya bai motsa ba. Akwai wanda ya san samfurin da aka horar musamman don ware kayan tsirkiya ko na busa daga murya? Ko kuwa sai dai in bi shi da hannu ina gogewa a hoton sautin?

Injiniyan_Sauti:
Inda gogen yake shi kaɗai tsakanin baiti da baiti, yanke shi da hannu ki mai da shi layin kiɗa, wannan ba wuya. Inda suka hau juna da muryar ne aikin yake. Gwada samfura biyu ko uku daban-daban a kan wannan yankin kawai, domin ba wuri ɗaya suke yin kuskure ba, UVR ma tana da tsarin haɗa sakamakonsu. Ki yanko daƙiƙa 30 daga inda ya fi rikicewa ki fara da shi, kada ki sa waƙar gaba ɗaya. In kin samu wanda ya fi, ki faɗa mana sunansa, ina da irin wannan aikin a gabana.